Jan Farce a Kan Noti

Shafi na 17

Masu cewa Bakanike ya cika sanyi kamar ba namiji ba, ku gyara zama. Masu kare Dogo kuma ban hana ku ba, amma ku karanta har ƙasa tukuna.

*

Yau kwana tara ke nan Baba na kwance a asibiti bai san wanda ke kansa ba, kwana tara kuma rabon Bakanike da gidan surukansa. Ba shi ya ƙi zuwa ba. Dogo ne, yayan matarsa, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce wanda ya kusa kashe musu uba ba zai sake taka musu gida ba.

Duk a kan matakan babur ne. Gwiwar Baba ta dama ta daina lanƙwasuwa, shi kuma ya rantse ba zai rabu da babban babur ɗinsa ba, baƙin nan mai ƙasa-ƙasa da ake zama a kai kamar kujerar falo. Sai ya sayo matakan gaba, irin waɗanda ke kai wurin ɗora ƙafa da birki da giya can kusa da tayar gaba, mutum ya miƙe ƙafa yana tuƙi. Bakanike ya ɗaura masa da hannunsa. Bayan sati biyu Baba ya taka birki a gangare, ya ji wayam. Ƙusar da ke haɗa matakin da sandar birki ta zare ta faɗi a hanya.

Washegari Dogo ya tura wa dangi hoto a waya, da rubutu a ƙasa: "Ga jansa nan a kan kowane noti. Ba wanda ya taɓa babur ɗin nan bayansa."

Kowa kuwa ya san Bakanike da wannan. Duk notin da ya ɗaure sai ya shafa masa jan farce, har abokan sana'a na ce masa Mai-Kwalliya. Hoton nan bai kwana ba sai da ya zaga gari. Masu babura suka riƙa zuwa garejinsa ɗaya bayan ɗaya suna janye nasu, wani ma ko sallama ba ya yi.

Da hantsin yau wani mai sayen tsohon ƙarfe ya kira shi.

"An ce kai ka saba gyara baƙin babur ɗin nan. Injinsa na da rai kuwa? Yanzu zan ɗauka, gobe a farfasa."

Bakanike bai ko cire rigar aiki ba.

*

A gidan Baba ya tarar da babur ɗin rabi a kan katako, rabi a bayan mota. Dogo na turawa, mai tsohon ƙarfe na ja.

"Wa ya ba ka izinin shigowa?" in ji Dogo.

"A buɗe na samu ƙofa, Yaya."

Shekara biyu ya ba Dogo a haihuwa. Amma tun ranar da ya auri Auta yake ce masa Yaya, don girmama gidan da ya ba shi mata, Dogo kuma yake amsawa da hanci.

"Sauke shi," ya ce wa mai tsohon ƙarfe.

"Ɗora shi," in ji Dogo.

Dattijon ya saki igiya ya share gumi. "Ni fa ɗorawa aiki ne, saukewa ma aiki ne. Ku daidaita."

"Babur ɗin ubana ne."

"Uban naka bai mutu ba," Bakanike ya ce. "Wa ya ce ka sayar?"

"Mama ba ta son ganinsa a gidan nan."

"Mama na asibiti kwana tara. A ina take ganinsa?"

Dogo ya yi tsaki. "Ka ga Malam Mai-Kwalliya, fita. Ka yi abin da ka yi, mun bar ka da Allah. Kada ka sa in manta kai mijin ƙanwata ne."

"Ka riga ka manta."

Ya kama ƙahon babur ɗin ya janyo shi baya. Nauyinsa ya kusa tafiya da shi, amma ya tokare da cinya har tayoyi biyu suka dira ƙasa. Ya tura shi daga inuwar rumfa zuwa tsakar gida inda rana ke duka, ya kafa jak, ya durƙusa ta ɓangaren dama.

Kwana tara yana tambayar kansa ko ya manta da fil ɗin nan, ɗan siririn ƙarfe mai baki biyu da ake zurawa a ƙarshen ƙusa a tanƙware don kada ta zare. Ya tuna ya zura. Ya tuna ya tanƙware. Amma in mutum ashirin suka ce maka ba ka yi ba, sai ka fara shakkar hannunka. Abinci ma ya daina wuce masa, don Baba ba suruki kawai ba ne a wurinsa. Shi ne ya ba shi 'ya lokacin da duk dukiyarsa akwatin sifana ɗaya ce.

Ya sa gefen riga ya goge ƙurar da ke kan noti na farko. Ya daɗe yana kallo. Ya goge na biyu, ya goge na uku.

"Baba mai ƙarfe, zo ka gani."

"Ni ba ruwana da..."

"Ido kawai nake so ka ara min. Me ka gani a nan?"

Dattijon ya sunkuya. "Ja."

"Ɗigo ne ko layi?"

"Ɗigo ne. Kamar an ɗiga da tsinke."

Bakanike ya ɗago ya dubi Dogo. "Ni ba na ɗigo."

"Sai me? Ja dai ja ne."

"Ka ɗauka ado nake yi? Layi nake ja, daga kan noti ya sauka har jikin ƙarfe. In notin ya juya ko kaɗan, layin zai rabu biyu, in gani in san ya saki. Ɗigo a tsakiyar noti me zai gaya min? Shekara goma sha ɗaya ina sana'ar nan, je ka duba duk babur ɗin da ya fita daga hannuna. In ka samu ɗigo ɗaya, na yarda ni na jefar da Baba."

"Wataƙila ranar kana sauri."

"To zo ka ga sauri."

Ya sa farce ya nuna gefen ƙarfen, ƙasan notin. Wani ɗan guntun layi na nan, ja mai duhu, ya tsaya shi kaɗai.

"Ga rabin layina. Ina ɗaya rabin? An kankare shi daga kan notin, an manta da na ƙasa."

Dogo ya zura hannu a aljihu ya fitar, ya sake zurawa.

"Faɗuwa ce ta goge shi. Babur ya ja ƙasa, me kake so ya rage?"

"Madalla da ka kawo zancen faɗuwa." Bakanike ya nuna da yatsa. "Ta nan ya ja ƙasa, ko? Ga inda kwalta ta ci kan notin, ya yi fari. Baba mai ƙarfe, jan nan a ƙarƙashin ƙujewar yake ko a samanta?"

Dattijon ya shafa da yatsa. Ya dubi Dogo, ya dubi ƙasa.

"A sama yake."

"Ka ji. Kwalta ta ci ƙarfe amma ta bar jan farce sumul. Bayan Baba ya faɗi aka ɗiga wannan. Yana can jini na zuba daga kansa, wani na nan a durƙushe yana shirya min ƙarya."

"Ka iya bakinka."

"Na iya shi shekara bakwai. Yau ba zan iya ba."

Ya koma kan farantin ƙarfen da matakin ke ɗaure a jiki. Rami biyu ne a kansa, na kusa da na nesa, don masu gajeriyar ƙafa da masu doguwa. Matakin na ramin kusa, inda ya sa shi. Amma bakin ramin nesa, wanda ya bari da baƙin fentinsa ko ƙwarzane babu, yanzu ya yi zobe fari tas.

Nan ne Bakanike ya miƙe tsaye.

"An ɗaure noti a ramin nan."

"Ni na sani?"

"Ranar da nake ɗaura matakan nan, wa ya tsaya a kaina yana shan shayi? Wa ya ce, me ya sa ba ka sa a na gaba ba, ai ya fi kyau? Na ce maka ƙafar Baba ba za ta kai birki ba. Sau uku na zaunar da shi a kan babur ɗin nan ina gwadawa, har ya ce ko tela bai auna shi haka ba."

Dogo ya sosa ƙeya.

"Kafin ya faɗi Baba ya yi tafiyar kwana uku, ya bar babur a gida. Makullin na rataye a falo. Duk gidan nan wa ke da ƙafar da ke neman ramin nesa? Mama?"

Mai tsohon ƙarfe ya saci kallon ƙafafun Dogo, waɗanda wando ma bai gama rufe su ba, ya yi tari ya kau da kai.

"Ka matsar da su gaba ka yi yawonka. Da ka ji yana hanya, ka mayar a gurguje. Ka warware fil ɗina, wanda in an warware shi sau ɗaya karyewa yake, sai sabo. Ba ka da sabo. Sai ka tura ƙusar haka nan tsirara, ka bar tsoho ya hau."

"Ƙarya kake."

"Tsirara ka bar ta, Dogo."

Karo na farko ke nan da ya kira shi haka a gaban idonsa. Dogo ya yo kansa ya ci kwalarsa.

"Ni kake kira Dogo a gidan ubana?"

"Kai. Ka bar birkin ubanka babu ko..."

"Na ɗaure shi! Da wayar ƙarfe na ɗaure, zagaye uku, na ja da filaya har..."

Sai ya ji abin da bakinsa ya faɗa.

Hannunsa ya saki kwalar a hankali. Famfon bayan kicin na ta ɗiga a bokiti.

"Wayar ƙarfe," Bakanike ya maimaita. "A birki. Irin wadda ake ɗaure buhu da ita."

"Ban san za ta tsinke ba."

"Ba ka sani ba. To da ta tsinke fa? Ka san garejina ya zama kango? Jiya mutumin da na yi wa gyara shekara shida ya zo da ƙaninsa, suka tura babur ɗinsa da hannu har gida, wai gara su tura da in taɓa. Mama da ke ce min ɗana, na kira ta sau goma sha biyu ba ta ɗauka ba. Ko ta taga ba ku bar ni na ga Baba ba."

"Ka rage murya."

"Ba zan rage ba. Da ka tura hoto rage murya ka yi?"

Dogo ya ja da baya ya jingina da motar. Sai kuma borin kunya ya taso masa, irin na wanda aka kama amma bai gama yarda an kama shi ba.

"To na taɓa matakan. Na yarda. Amma jan nan ba ni na sa ba, kuma ba ka da shaidar cewa ba naka ba ne. Wa zai tsaya auna ɗigo da layi? Kai kaɗai ke yawo da jan farce a garin nan kamar mai kitso."

Mai tsohon ƙarfe, wanda tun ɗazu yake neman abin da zai sanyaya wurin, ya sake leƙa notin. Rana ta faɗo a kansa sosai.

"Ai kuwa jan naka mai tsada ne," ya ce yana 'yar dariya. "Har da ƙyalƙyali a ciki. Ashe bakanike ma ɗan gayu ne."

Bawan Allah, da ya san abin da ya faɗa, da ya haɗiye.

Bakanike ya koma ya durƙusa. Ya karkata kai har hasken ya daki ɗigon. Ƙananan ƙyalli ne a cikin jan, kamar an barbaɗa gari.

Nasa ba shi da ƙyalƙyali. Nasa tsohon ja ne mai duhu, ya yi kauri har sai ya girgiza kwalbar. Kuma ya san inda ya samo shi. A farkon aurensu kwalba biyu ya gani a gaban madubin Auta, ya roƙi ɗaya. Ta miƙa masa mai duhun, ta ɓoye ɗayar a bayanta tana dariya, ta ce wannan mai ƙyalƙyalin ko kuka zai yi ba za ta ba noti ba.

Fushin da yake yi da Dogo mai zafi ne, yana fita ta baki. Wannan kuwa a ciki ya tsaya masa.

"Tana ina?"

"Wa?" in ji Dogo.

"Matata."

"Tana asibiti."

"Takalminta ne can a ƙofar kicin. Ni na kai shi aka sa masa sabon dunduniya." Ya ɗaga murya. "Auta."

Labulen kicin bai motsa ba.

"Auta, na san kina ji. Ki fito, ko in shigo."

Labulen kicin ya motsa. Ta fito riƙe da kwandon abincin da za ta kai asibiti, mayafi ya zame mata a kafaɗa. Ta rame a kwana taran nan da ta yi a gidansu, idanunta sun faɗa. Da jiya ne ya gan ta haka, da ya karɓi kwandon ya ce ta zauna.

"Sannu da zuwa," ta ce, ba ta dube shi ba.

"Zo ki ga wani abu."

"Mama na jirana, abincin zai huce."

"Ya huce. Zo."

Ta tako har gaban babur ɗin ta tsaya.

"Jan waye wannan?"

Ta dubi yayanta.

"Ba shi na tambaya ba. Kwalbar da ke gaban madubinki, tana ina?"

Ta dubi kwandon da ke hannunta. Ta ajiye shi a ƙasa.

"Ni na ɗiga," ta ce.

Mai tsohon ƙarfe ya naɗe igiyarsa. "Ni bari in je in sha ruwa a waje," ya ce, ya fice bai waiwayo ba.

"Sake faɗa."

"Ni na ɗiga. Akwatinka na gareji a kulle, sai na ɗauko nawa. Na ɗauka duk ɗaya ne."

"Shekara bakwai kina wanke rigunan da jan nan ya ɓata, ba ki taɓa tsayawa kin ga yadda nake ja ba. Da kin taɓa kallo sau ɗaya, da yau kin gama da ni."

"Don Allah ka saurare ni."

"Ina ji."

"Yaya ya zo min yana kuka. Ka san Baba ya taɓa rantsuwa, in Yaya ya sake hawa babur ɗin nan ba shi ba shi har abada. Mama kuma ga hawan jini. Na ce in ta ji ɗanta ne ya yi wa mijinta haka, sai mu kwantar da mutum biyu. Kai kuwa..."

"Ni kuwa me?"

"Kai kuskuren aiki za a ce. A yi fushi kwana biyu, a yafe."

"Kwana biyu."

"Ban san zai tura hoto ba, wallahi. Ce min ya yi Mama kawai zai nuna wa."

"Da ya tura fa? Kina cikin waɗanda aka tura wa. Me kika rubuta a ƙasa?"

Ta sunkuyar da kai.

"Ni zan gaya miki. Allah ya kyauta. Abin da kika rubuta ke nan, na gani." Ya matso taku ɗaya. "Ranar Laraba na kira ki. Me na ce miki?"

Hawaye suka zubo mata.

"Me na ce?"

"Ka ce... ka ce wataƙila da gaske ka manta fil ɗin."

"Na ce in Baba ya mutu ni na kashe shi. Ina kuka kamar yaro na faɗa miki. Me kika ce min?"

"Na ce ka yi haƙuri, kowa na kuskure."

"Kowa na kuskure." Ya yi wata dariya marar daɗi. "Kin san ban yi ba, kina riƙe da waya kina ba ni haƙurin laifin da kika shafa min da hannunki."

"Ka bar ta haka," in ji Dogo. "Ni na sa ta."

"Kai rufe min baki. Kai ka yi don tsoro, na san irinka. Ita ta zauna ta auna mu biyu, ta ga wanda ya fi sauƙin zubarwa."

"Ba haka ba ne," Auta ta ce.

"To yaya ne?"

Ta ja mayafinta ta rufe fuska.

Bakanike ya zare makullin babur ɗin ya jefa a aljihu. "Babur ɗin nan ba inda za shi. Yanzu zan tafi asibiti, kuma duk wanda ya isa ya tare ni a ƙofa."

"In ka faɗa wa Mama, ka raba gidan nan," in ji Dogo.

"Nawa gidan da kuka raba fa?"

Auta ta riƙo hannun rigarsa. "Ka ba ni kwana ɗaya. Kwana ɗaya kawai, in san yadda zan..."

Wayarta ta yi ƙara a cikin kwandon. Su uku suka dubi wurin. Ta ciro ta, ta ga sunan, ta dubi yayanta.

"Mama ce."

"Sa mu ji duka," Bakanike ya ce.

Ta danna. Muryar Mama ta fito tana haki, kuka da dariya a haɗe.

"Auta, kina ina? Babanku ya buɗe ido. Ya gane ni, ya sha ruwa, har ya yi magana."

Dogo ya zame ya zauna a kan katakon. Bakanike ya runtse ido, leɓensa na motsi.

"Alhamdu lillahi, Mama," Auta ta ce da ƙyar. "Me ya ce?"

"Babur yake tambaya. Wai tun da ya hau ran nan ya ji birkin ba yadda mijinki ya bar masa yake ba. Na ce masa ai sakacin mijin naki ne, ya girgiza kai. Na ce to ga Dogo ya duba da idonsa, ya ce kada a kira masa Dogo."

Muryar ta yi nisa kaɗan, kamar tana magana da wani a gefe, sannan ta dawo.

"Ga shi zan sa masa wayar a kunne. Ya ce ke zai tambaya wa ya taɓa masa babur. Wai duk cikin 'ya'yansa ke kaɗai ce ba ki taɓa yi masa ƙarya ba."